Yadda Ake Kai Allurar Riga-kafi Ga Yaran Da Ba Sa Zuwa Asibiti

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna cewa akwai yara sama da miliyan 2 a Najeriya da ba a yi musu ko allurar farko ta cuta biyar ba, wadda kati ke kira Penta. Babu ƙasar da ta kai mu yawan irin waɗannan yara, kuma akasarinsu a Arewa suke. Mun ga abin da hakan ke haifarwa lokacin da mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a Kano. Cuta ce da Penta ke karewa, kuma yawancin yaran da ta kwantar ba su cika allurarsu ba.

Da yawa daga cikinmu ma'aikatan lafiya muna saurin cewa iyaye ne suka ƙi. Akwai masu ƙi, za mu zo kansu. Amma mafi yawa abin da ya hana su bai wuce nisa ba, ko kuɗin mashin, ko rashin izinin maigida, ko kuma uwa ta taɓa goyo yaro ta zo aka ce mata yau ba ranar allura ba ce. Irin waɗannan gidaje sai an bi su. Sai dai fita sau ɗaya ba ta kare yaro, domin daga haihuwa zuwa wata 15 yana buƙatar haɗuwa da mai allura sau shida. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan komawa. Da ke nake magana, 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, saboda ke ce kike iya shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, amma abokan aikinmu maza ma da su ake.

Mataki na farko: san yaran da sunayensu

Ki fara da takarda da fensir. Zana asibitinku a tsakiya, sannan ki sa kowane ƙauye, unguwa, ruga da tunga da ke ƙarƙashinku, da nisan kowanne da irin hanyarsa: wadda mashin ke bi, wadda rafi ke yankewa da damina. A tsarin isa ga kowace mazaɓa da ake bi a Najeriya, mutanen da ke cikin kilomita 2 ana sa ran su zo asibiti, na kilomita 2 zuwa 5 ke za ki fita gare su, waɗanda suka wuce haka kuma aikin tawagar tafi-da-gidanka ce da ƙaramar hukuma ke shiryawa. Kada ki riƙe wannan da ƙarfi fiye da kima. Akwai unguwannin bayan gari da ke kallon katangar asibiti amma ba a taɓa ganin jaririnsu a layi ba, su ma na fita ne.

Don ƙiyasi, ana ɗaukar kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ƙauye mai mutum 1,500 ke nan zai ba ki jarirai kusan 60 a shekara, wato biyar a wata. Wannan lissafi na taimaka miki wajen neman yawan allura, amma ba zai gaya miki wane yaro ne ya ɓace ba. Sunaye kike buƙata.

Mutum huɗu ne a kowace unguwa ba a haihuwa su rasa labari: ungozoma da ke yanke cibi, wanzami da ke askin suna, liman da ke raɗa suna, da mai unguwa. Ki ba mai unguwa littafi guda a riƙa rubuta sunan jariri, sunan mahaifi, sunan uwa, ranar haihuwa da kwatancen gida. In shi ba ya boko, ajami ma ya wadatar, ko ɗansa ya riƙe masa. Ki karɓi lambar wayar ungozoma ki ba ta taki, ki roƙe ta ta yi miki filashin duk ranar da aka haihu. Dalili shi ne allurar ciwon hanta ta haihuwa ta fi amfani cikin awa 24 na farko, kuma ita da ɗigon shan inna na haihuwa ana ba da su ne cikin mako biyu kawai. Ranar suna tana cikin wannan wa'adi, don haka in kin rasa ranar haihuwa kada ki rasa ranar suna.

Akwai wasu yara da ke faɗawa tsakanin asibitoci biyu, kuma ba a cika tuna su ba: 'ya'yan fari. Yarinya ta tafi wankan gida, ta haihu a garin iyayenta, aka yi wa jariri allurar haihuwa a can, bayan arba'in ta koma ɗakinta a wani gari. Asibitin can na ganin ta daina zuwa, na nan bai san da ita ba. Duk mai jegon da kika gani a gidan iyayenta, ki tambaye ta ina za ta koma, ki rubuta a katinta, ki gaya mata ranar allurar asibitin da ke kusa da gidan mijinta.

Mataki na biyu: shiga ta ƙofar gari

Kada ki sauka da kular allura a ƙauye kafin ki gaida masu shi. Ki je wurin dagaci tare da shugaban asibitinku ko wani daga kwamitin ci gaban mazaɓa, shi ya haɗa ku da masu unguwanni da liman. A ruga, arɗo za ki nema. Tun 2009 sarakunan Arewa suke da kwamitin kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, saboda haka ba baƙon zance kika zo da shi ba. Umarni ya riga ya sauko daga sama, naki shi ne ki nuna musu yadda za a aiwatar a garinsu.

Sannan ki tuna wa ke yanke hukunci a gida. Mun saba tara mata muna yi musu bayani, alhali izinin fita da kuɗin mashin a hannun maigida suke, kuma kalmar kakar yaro ta fi ta uwarsa nauyi, musamman a haihuwar fari. Abokin aikinki namiji ya zauna da maza a majalisa bayan la'asar, ko liman ya ba shi minti biyar bayan sallar Juma'a. Ke kuma in kin shiga gida, tsohuwa za ki fara durƙusa wa: "Sannu da gida, Inna, mun zo ganin jikanki." In ta yarda, an gama.

Ranar fita su za su zaɓa, ba ke ba. Su suka san ranar kasuwarsu, sun san da damina gari kan watse zuwa gona da safe, sun san lokacin da matan Fulani ke fita tallan nono da lokacin da suke dawowa. Abin da za ki tsaya a kai shi ne ranar ta zama tsayayya mai sauƙin riƙewa, misali Larabar farko ta kowane wata. Tsakanin Larabar farkon wata da ta wata mai bi ba ya gaza kwana 28, kuma mako huɗu shi ne mafi ƙarancin tazarar da ake so tsakanin Penta ɗaya da ta gaba. Wuri kuma a samu inuwa, inda mace za ta zauna ba tare da ta ratsa taron maza ba. Gidan mai unguwa ko makarantar Islamiyya sun fi bakin kasuwa.

Jajibirin ranar, sankira ya yi shela, masu wayar da kai na unguwa kuma su bi gidajen da ke cikin littafi su ambaci sunan yaro.

Mataki na uku: haɗa kaya, kare sanyi

Nan ne aikin kan lalace ba tare da kowa ya sani ba, don haka zan ɗan daɗe. Alluran suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kowa na tsoron zafi, amma daskarewa ma tana kashe ƙarfin Penta, da allurar ciwon huhu, da ta ciwon hanta, da allurar shan inna ta tsira, wato wadda ake tsirawa a jiki, ba ɗigo ba. Abin takaicin shi ne 'yar alamar da ke jikin kwalba zafi kawai take nunawa. Kwalba na iya daskarewa ta narke, alamarta na nan fes, ki yi wa yaro allurar da ba ta da sauran amfani.

Saboda haka kada ki ɗauko ƙanƙara daga firiza ki jefa a kula kai tsaye. Ki jera gorunan ƙanƙarar a tebur su fara zufa, sai kin girgiza kin ji ƙanƙarar na motsi a cikin ruwa, sannan ki goge su ki jera a gefunan kula. Kwalaben ki sa su a leda a tsakiya, ki rufe da soso. Kafin ki sa kowace kwalba ki duba abu biyu: ranar ƙarewar aiki, da alamar zafi. Muddin murabba'in ciki ya fi da'irar haske, allura na da kyau. In launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, a ware ta.

Alluran gari, wato BCG ta tarin fuka, ƙyanda, shawara da sanƙarau, kowacce da ruwan haɗinta daga kamfani ɗaya, ba a musanya su, kuma ruwan ma sai ya yi sanyi kafin a haɗa. Da zarar kin haɗa, ki rubuta lokaci a jikin kwalba. Bayan awa shida ko tashi daga aiki, duk wanda ya riga zuwa, zubarwa ake yi, ko da saura tara a ciki.

Sauran kayan: sirinji mai kulle kansa isasshe, akwatin zubar da allura, auduga, sabulu da ruwa, katuna sababbi, rajista, takardar ƙirga, da jakar gaggawa mai adrenalin. Wannan ta ƙarshen da wuya ki buɗe ta a shekaru, amma ba a fita babu ita. Ki ƙara kaya fiye da lissafinki, domin sau da yawa sai kin zauna yaran da ba su cikin littafi ke ɓullowa.

Mataki na huɗu: ranar aiki

Ki isa a kan lokaci, ki ajiye kula a inuwa, ki wanke hannu kowa na gani. Ga jadawalin a gurguje. Ranar haihuwa: BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna, allurar ciwon hanta. Mako 6, 10 da 14: Penta, allurar ciwon huhu, ɗigon shan inna da ɗigon gudawa, a haɗa da allurar shan inna ta tsira a mako 6 da 14. Wata 9: ƙyanda, shawara da sanƙarau. Wata 15: ƙyanda ta biyu. Sinadarin bitamin A yana farawa daga wata 6. Jadawalin kan ƙaru, kamar yadda aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, don haka ki riƙe wanda jiharki ke aiki da shi.

Uwa ba ta lissafi da "mako shida". Mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Ki ce mata, "Da kin gama wanka, kafin ki fita yawon arba'in, ki fara kawo min shi." Ba za ta manta ba. Sauran ranakun ma ki ɗaura su a kan abin da take lissafi da shi: watan azumi, ƙaramar Sallah, girbin gero.

Dokoki uku nake so ki riƙe gam, saboda a kansu muke asarar yara da hannunmu. Na ɗaya, ki buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne. Tsoron a ce kin yi ɓarnar allurar ƙyanda shi ke sa a ce wa uwa ta dawo in yara sun taru, ita kuwa ba za ta dawo ba. Kwalba ana sake kawo wata. Na biyu, mura, ɗan zazzaɓi, gudawa mara tsanani ko rama ba sa hana allura. Yaro mai tamowa ma ya fi kowa buƙatarta, domin shi ƙyanda ta fi kayarwa. Wanda ke cikin ciwo mai tsanani shi ake turawa asibiti a ɗage masa. Na uku, yaron da ya makara ba a sake masa daga farko. In ya yi Penta ta ɗaya wata biyar da suka wuce, yau ta biyu za a yi masa. Wanda ya haura shekara bai taɓa yin ko ɗaya ba shi ma kada ki kore shi. A 2023 an ƙaddamar da shirin cike giɓi na duniya don yaran da aka tsallake har zuwa shekara biyar. Ki tambayi jami'in riga-kafi na ƙaramar hukumarku abin da aka tsara a ba kowane rukuni.

Kuma don Allah kada ki yi wa uwa faɗa a gaban mutane don ta makara ko ta ɓatar da kati. Wadda ta makara ta zo ai ta fi ƙoƙari, wataƙila sai da ta yi kwanaki tana roƙon izini. Ki ce mata sannu da ƙoƙari, ki duba rajista, ki ba ta sabon kati. Matan da ke layi suna kallon yadda kika yi da ita, kuma da yamma labarin zai zaga gari.

Kafin kowace uwa ta tashi, ki gaya mata abu huɗu da bakinki: wace allura aka yi yau da cutar da take karewa, me zai iya biyo baya da yadda za ta yi, yaushe za ta dawo, da kuma ta adana kati. Ki sa ta maimaita ranar dawowa. Ta ɗan zauna minti 15 zuwa 30 kafin ta tafi.

Mataki na biyar: daren farko

A ganina, a wannan dare ake samun Penta ta biyu ko a rasa ta. Yaro ya tafi lafiya lau, dare ya yi jikinsa ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya hana maigida barci. In ba wanda ya gargaɗe su, da safe hukunci ya fita: ba a ƙara kai shi. In kuwa kin riga kin faɗa, sai abin ya zama shaidar kin san aikinki. Ki gaya musu zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne, a ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin, ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi. Farasitamol kuma ke za ki nuna adadin daidai da nauyin yaron. Wurin BCG zai yi ɗan ƙurji bayan makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Kada a matse, kada a shafa komai.

Ki bambance musu abin da ba a jira da shi: jijjiga, ƙin kama nono, kukan da ya kai awa uku ba tsayawa, wahalar numfashi, ko kumburin da ya tara mugunya. Ki bar lambar waya wurin mai unguwa. Washegari mai wayar da kai ta leƙa gidajen da aka yi wa Penta ta farko ta ce, "Ya mai jiki ya kwana?" Duk abin da ya wuce na yau da kullum, ki cike fom ki kai rahoto, kada ki ɓoye.

Mataki na shida: gidan da aka ce a'a

Ki fara da saurare. Shakkun mutanenmu yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 cikin 200 da ke gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin yana hana haihuwa, ba a dawo da shi a Kano ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Dattijon da ya tuna wannan ba jahili ba ne. Ki yarda da abin da ya faru, sannan ki nuna masa abin da ya biyo baya: yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau su ne iyaye masu goyo, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Wanda ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, gaskiya ya faɗa, kuma liman ya fi ki iya amsa masa. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ƙorafin da ya fi yawa kuwa shi ne, "Kullum ɗigo kyauta har gida, amma in yaro na zazzaɓi sai mun saya magani." Wannan ma yana da ƙamshin gaskiya, kuma baki ba ya amsa shi. Ki zo da abin da asibitinku ke da shi: awon ciki, gwajin zazzaɓin cizon sauro, gishirin gudawa da zinc, maganin tsutsar ciki, tef ɗin auna damtse don gano tamowa. A ƙasar Chadi, tun kusan shekara ta 2000 aka gwada haɗa riga-kafin dabbobi da na yaran makiyaya a fita ɗaya, kuma ya jawo iyalan da da ba a samunsu. In akwai malamin dabbobi a yankinku, ku daidaita ranar zuwa ruga.

In duk da haka maigida ya ƙi, ki yi sallama cikin mutunci, ki rubuta dalilinsa, ki dawo wata mai zuwa da wanda yake jin maganarsa. Barazana da hukuma na iya sa a miƙo yaro yau, amma gobe za a ɓoye ƙannensa.

Mataki na bakwai: bibiya da lissafin gaskiya

Da kin koma asibiti, ki mayar da kwalaben da ba a buɗe ba firji a fara amfani da su, ki shigar da komai rajista a ranar. Ki samu kwali ki raba shi gida 12, na watannin shekara. Kowane yaro na da ɗan kati, ki sa shi a watan da zai dawo. Ƙarshen wata, katunan da suka rage a gidan su ne yaran da ba su zo ba. Ki kwashi sunayen ki zauna da mai unguwa, ku gwada littafinsa da rajistarki: wane ya yi ƙaura, wane ya rasu, wane ke gida. Sai a bi na gida kafin fita ta gaba.

Ga lissafin da zai nuna miki inda matsalarki take. Ki cire yawan waɗanda suka yi Penta ta uku daga na Penta ta ɗaya, ki raba da na Penta ta ɗaya, ki ninka da 100. In yara 50 suka fara, 38 suka gama, kashi 24 ke nan suka zube, kuma duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. In Penta ta ɗaya ce ta yi ƙasa, ba ki isa ga mutane ba, ki koma kan taswira. In an fara da yawa ana zubewa, to an zo an ga abin da ba a so, ki duba tarba, jira, bayanin zazzaɓi da cika alƙawari. Kada ki cike takardar ƙirga da alluran da ba a yi ba don rahoto ya yi kyau. Yaron da aka rubuta an yi masa alhali ba a yi ba, babu mai sake nemansa.

Kuɗin mai da na mashin ki sa su cikin tsarin kashe kuɗin asibiti tun farkon zango. Asibitocin da ke karɓar kuɗin asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, suna iya ware na fita daga ciki, kwamitin mazaɓa kuma kan taimaka da mai kai ki. Inda tsaro ya taɓarɓare, kada ki fita sai mai unguwa ya tabbatar miki da hanya a safiyar ranar, kuma ku yi shiri na biyu: wurin haɗuwa a garin da mutanen ke zuwa kasuwa ko inda suka yi gudun hijira. Ranar da ruwa ya yanke hanya ko allura ta yanke, ki kira mai unguwa tun kafin mata su goyo yara su fito, ki ba da haƙuri, ki sa wata rana a cikin makon, sankira ya sake shela.